Hanyar da Muka Gyara Ta Fitar da Mu

Har yau idan na ji wani ya miƙe a taro ya ce, "Mu haɗa kai mu gyara unguwarmu," sai in kau da kai. Ni ma na taɓa faɗin haka, da ƙarfi ma kuwa, ina tsaye a kan benci mutane suna tafa mini.

Unguwar da na tashi a Jalingo gangare ce. Duk ruwan da ya sauko daga duwatsu, da wanda ya wanke unguwannin masu hali da ke sama, ƙofar gidanmu yake zuwa ya huta. Mahaifina ya zo daga Zariya da kekunan ɗinki biyu, ya kama ɗakuna biyu da ɗan shago a gidan wani dattijon Bafulatani da muke kira Baffa. Da ya rasu na gaji kekunan, na gaji hayar. A nan na yi aure. Hayar ba ta da tsada, don babu mai hankalin da zai yi takara da mu a kan wannan laka. Da damina masu napep a bakin titi suke tsayawa, su ce, "Oga, nan ne ƙarshe, ba zan kashe injina ba." Sai ka naɗe wando ka riƙe takalmi a hannu.

Baffa yana zaune ne can wani gefen gari, kuma ya yi shekaru bai taka unguwar ba, ga tsufa ga ciwon ƙafa. Mu muke kai masa haya har gida. Mu durƙusa mu gaishe shi, ya tambayi iyali, ya sa mana albarka. Babu takarda tsakaninmu, babu ejan mai karɓar haya. A tunaninsa gidan yana nan yadda ya san shi, rami ne da rufin kwano, shi ya sa ko ya yi ƙari ba ya wuce abin da mutum zai iya haɗiyewa. Yawancin masu gidajen layinmu haka suke, suna nesa, ba sa leƙowa.

Ɗakin da ke jikin namu na wata bazawara ce 'yar Mumuye, mai soya doya a ƙofar gida. Kowa Mama yake ce mata, har limaminmu. Ita take riƙe mana yara idan matata ta tafi kasuwa, mu kuma mu tsare mata kaskonta ran Lahadi idan ta tafi coci.

Abin da ya tunzura ni haihuwar 'yata ta fari ce. Naƙuda ta kama matata ana tsakiyar ruwa. Babu napep ɗin da ya yarda ya gangaro. A baro muka ɗora ta, baron da ake kwasar shara, ni ina turawa Mama tana riƙe da lema tana zagin ruwan da yarenta. Ba mu kai titi ba yarinyar ta faɗo. Allah ya raya ta, amma ni ban manta ba, kuma ban yafe wa hanyar nan ba.

Bayan suna na fara bi gida gida. Aka kafa kwamiti, aka ce ni ne ciyaman, tun da ni na fi kowa baki. Mun je wurin masu mulki, aka ba mu kujera da ruwan leda da alkawari. Mun je wani ƙaramin banki da aka ce yana ba ƙungiyoyin unguwa rance. Ma'aikacin ya saurare mu da kyau, sannan ya ce, "A cikinku wa ke da takardar fili?" Muka dubi juna. Dukanmu 'yan haya ne. Ya ce to ba abin da zai iya yi. Muka fito muna zaginsa a hanya, muna cewa ɗan boko ne marar tausayi. Yanzu na san a duk waɗanda muka je wurinsu shi kaɗai ya yi mana tambayar da ta dace.

Sai muka ce za mu yi da kanmu. Aka yanke cewa kowace ƙofa ta kawo buhun siminti, wanda ba shi da hali ya biya da ƙarfinsa. Ran Juma'a a zagaya da kwano a masallaci, ran Lahadi a zagaya a coci, ran Asabar kuwa kowa ya fito gayya, don ita ce ranar da ba ta kowa ba. Mata suka sadaukar da zagaye guda na adashinsu aka sayi rodi. Kwasar Mama ce ta faɗo a wannan zagayen, wadda ta daɗe tana jira don ta sayi injin markaɗe ta huta da hayaƙi. Ta ce a ɗauka. Ni kuma da kuɗin kwalbati ya gagara, na sayar da ɗaya daga cikin kekunan mahaifina. Ranar da mai saye ya ɗauke shi ban iya cin abinci ba.

A wani taro Mama ta ɗaga hannu ta ce, "Tela, ni ina da tambaya. Masu gida fa? Shi ba zai kawo siminti ba? Gidan na shi ne, ba na mu ba."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Haba Mama, mu je wa Baffa da kwano? Dattijon da ya riƙe iyayenmu?" Wani ya ce ai mu muke kwana cikin ruwan, ba su ba. Haka muka taso, ba a tunkarar babba da maganar kuɗi, balle a ce masa ya yi alkawari a gaban shaidu. Abin kunya ne. Mama ta ce, "To, ni na faɗa," ta koma ta zauna.

Rani biyu muka yi muna aikin. Mun kwaso yashi daga kogin Mayo Gwoi, mun fasa dutse, mun haƙa lambatu hagu da dama tun daga titi har rafi, mun zuba kwalbati a mararraba, mun cike hanyar da jan ƙasa muka daddaɓe. Hannuna da ya saba da allura ya yi kanta har zare ya riƙa maƙalewa a yatsuna. Akwai magini ɗaya a cikinmu, mutumin Sunkani, shi ya ja mana igiya bai karɓi ko sisi ba. Ban taɓa ganin unguwa ta zama gida ɗaya kamar lokacin nan ba. Fasto yana miƙa wa liman kwanon kankare, yara suna kawo ruwa, mata suna dafa dafa-duka a babbar tukunya. Wannan ɓangaren ba na iya tuna shi da daɗi yanzu, kuma wannan ma yana cikin abin da aka ƙwace mini.

Da aka gama, sai aka ce a yi walima. A wurinmu aiki bai kammala ba sai manya sun zo sun sa masa albarka. To su wa ye manyanmu in ba masu gidajen ba? Muka ɗinka wa kanmu anko, ni na ɗinka, kyauta. Muka aika wa kowane mai gida goron gayyata. Baffa ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba, ni da kaina na koma na roƙe shi, na ce, "Baffa, yanzu mota tana zuwa har ƙofa. Ka zo ka gani da idonka." Mutumin da ya manta da mu shekara da shekaru, muna zaune lafiya a cikin mantuwarsa, mu muka je muka tashe shi.

Babban ɗansa, wani ma'aikacin ofis, shi ya tuƙo shi. Ita ce ƙaramar mota ta farko da ta taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu. Yara suka kewaye ta suna shafawa, mata suka yi guɗa. Baffa ya fito yana dogara sanda, ya dubi lambatun, ya dubi hanyar, hawaye suka zubo masa. "Usoko, usoko," yake ta godiya da Fulatanci, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana." Na yarda har zuciyarsa ya faɗa.

Ɗan kuwa bai zauna ba, bai ci shinkafarmu ba. Yana ta zagaya gidan, yana duban katanga, yana taka tsakar gida daga wannan bango zuwa wancan, waya a kunne. Ni kuma ina biye da shi ina washe baki, ina cewa, "Ranka ya daɗe, ai yanzu ko tifa ce za ta shigo da yashi." Ya ce, "Da gaske?" Na ce wallahi, mun gwada.

Damina ɗaya muka ci moriyar aikinmu. Ɗaya tak. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka tsaya a ƙofa muna kallonsa yana bin lambatu yana wucewa, ɗakunanmu a bushe. Matata ta shimfiɗa sabuwar leda a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da kaka sai ga wani saurayi da jaka, ya ce shi ne ejan. Ya ce haya ta ninka har ta wuce, kuma ta shekara biyu ake so a dunƙule. Wanda ba zai iya ba ya ba da wuri, don za a fasa ɗakunan a mai da su irin masu banɗaki a ciki, a sa tayil, ma'aikata da ɗalibai suna nema. Kafin wata ya ƙare sauran masu gidajen da suka ci walimarmu duk sun bi sahu.

Na tafi wurin Baffa na durƙusa inda na saba durƙusawa. Na tuna masa mahaifina. Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba, sannan ya ce, "Tela, na tsufa. Yara ke riƙe da komai yanzu." Ya miƙo mini goro. A zaure na ci karo da ɗan yana shigowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gidan nan aka haife ni. Ina za ni da iyali?"

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, unguwa ta ci gaba. Ai ka ga hanya."

"Na gan ta. Mu muka gina ta."

"Allah ya saka da alheri," in ji shi. "Amma ai ba wanda ya sa ku."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da murmushi ma. Na so in shaƙe shi, wallahi na so. Na raɓa shi na fita. Na jefar da goron a kwata na tafi.

Ɗaya bayan ɗaya muka watse. Maginin ya koma Sunkani. Mama ba ta da inda za ta sa kanta a gari, ta koma wurin 'yan'uwanta a wani ƙauye bayan Iware, babu injin markaɗe, babu kasuwar doya. Ranar da za ta tafi, a-kori-kura ta shigo har bakin ɗakinta aka loda kasko da katifa. Ta dafa kafaɗata tana dariya, ta ce, "Tela, ka gani? Mota ya zo har ƙofa. Aikinmu ya yi kyau." Ba ta ce ai na faɗa muku ba. Da ma ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Wani lokaci aiki yakan bi da ni ta tsohuwar unguwar. An yi fenti, an sa ƙofofin ƙarfe, har da shagon sayar da kayan sanyi a inda kekena yake a da. Lambatunmu yana nan ko tsagewa bai yi ba. Ban san kowa a layin ba, ba wanda ya san ni.

Yanzu ina zaune a bakin gari ta wajen Kona, a wani gangaren da ya fi na da muni. Shi na iya biya. A farkon daminar nan samarin unguwa suka yi mini sallama a shago, suka zauna a ƙasa cikin ladabi. Babbansu ya ce, "Baba, mun ji kai ka jagoranci aikin lambatu a unguwarku ta da. Muna so mu yi irinsa, kowace ƙofa buhun siminti. Ka zama ciyaman ɗinmu."

Na ajiye almakashi na ce, "A cikinku wa ya mallaki ɗakin da yake kwana?"

Babu ko ɗaya.

Na ce, "To ku fara zuwa wurin masu gidajen. Su kawo nasu simintin, su kuma yi alkawari a gaban mai unguwa da liman da fasto cewa ba za su tashe ku ba idan an gama."

Suka dubi juna. Ɗaya ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai da kunya. Kuma idan muka taso su yanzu, za su zo su fara dube-dube."

Na ce, "To ku bar lakar nan inda take. Ita ke riƙe da ku."

Suka tashi suka fita. Na san abin da za su ce a waje, tsohon nan ya cika baƙin ciki. Su faɗa.

'Yata, wadda aka haifa a baro, ta zama budurwa yanzu, tana koyon ɗinki a wurina, kuma duk ta ji. Ta ce, "Baba, to haka za mu ƙare a cikin ruwa?" Na yi kamar zare nake nema.

Da la'asar ruwa ya sauko. Kafin a jima ya shigo shago, ni da ita muka ɗaga keken da ya rage muka ɗora a kan bulo. Muna cikin haka wayata ta yi ƙara, mai gidanmu na yanzu ne. Ya ce ya so ya leƙo ya ga gidan, ya daɗe bai gani ba, amma mai napep ya ƙi gangarowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Hanyar ba ta biyuwa sam. Zan kawo maka hayar har gida."

Na kashe wayar, ruwa ya kai mini idon sawu, na ji bakina ya ce alhamdulillahi. Yarinyar ta dube ni, ta ɗauki bokiti ta fara kwarfar ruwa.