Mai Kwanuka da Sabuwar Maƙwabciya

A layin masu kayan girki, rumfar Mai Kwanuka ce ta kusa da famfo. Daga gwaggonta ta gaje ta, ta kuma gaji halinta na rashin yarda da doguwar gaisuwa. Wanda ya ce mata "Yaya", ragi yake nema. Wanda ya kai ga "Inna", murfin tukunya zai roƙa kyauta. Ɗan ƙanwarta ma in ya leƙo, sai ta janye tiren cokula bayanta kafin ta amsa sallama.

Sai wata mata ta kama rumfar da ke jikin tata, tana sayar da bokitai da robobi. 'Yan layi suka sa mata Doguwa. Kafin Mai Kwanuka ta iso da safe, Doguwa ta share mata gaban rumfa. Rana ta take, ta miƙo ruwan sanyi. Mai saye ya tambayi faranti, ta nuna masa: "Je wurin Yayata, nata ba ya tsatsa."

Abin ya hana Mai Kwanuka sakat. Ruwan takan karɓa, in Doguwa ta juya baya ta tuttular a kwata. Ta tambayi mai wuƙaƙe asalin matar, ya ce surukar mai gadi ce. Mai gadi ya rantse bai haɗa komai da ita ba. Ta fara zargin rumfar ake so a raba ta da ita, har ta daina zuwa gida cin abincin rana.

Ranar da Doguwa ta kawo mata man zafi don ciwon gwiwa, haƙurinta ya ƙare.

"Baiwar Allah, zauna. Me kike nema a wurina?"

Doguwa ta yi ta murza bakin mayafi. "Dillalin da ke ba ki kaya, ba ya sayar wa baƙo. Na je, ko kujera bai ba ni ba. Ya ce in zo da wanda zai tsaya mini."

"Shi ke nan?"

"Wallahi shi ke nan, Yaya."

Washegari Mai Kwanuka ta kai ta wurin dillalin. "Ƙanwata ce," ta ce wa dillali, "amma robobi kawai za ka ba ta. Ranar da na ga kwano a rumfarta, ni da kai ne."

A hanyar dawowa Doguwa sai godiya take zubawa. Mai Kwanuka ba ta ji rabinta ba. Da za su fito, dillalin ya tambayi Doguwa jikin mahaifiyarta kamar wanda ya daɗe da saninta, Mai Kwanuka kuwa ba ta ji inda aka gaya masa tsohuwar ba ta da lafiya ba.