Jan Badon Malam Yusha'u Duba-gari

Malam Yusha'u mijin yayata Hassana ne, kuma duba-gari ne. Duk wanda ya zauna a Unguwar Shanu a shekarun nan na 1970 ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, kullum cikin kakin da ya sha guga, da tocila a aljihu, farar moɗa a hannu, da kwalbar kananzir a jakar da ke rataye a kafaɗarsa. Da ya shawo kwanar layi sai ka ji mata suna gaya wa juna ta kan katanga, "Ga duba-gari nan!" Daga nan sai ƙarar murafai da shara ta gaggawa.

In ya yi sallama aka ba shi izini, makwarara yake fara dubawa, sannan bayan gida, sannan ya nufi wurin ruwa. Moɗarsa fara ce don 'ya'yan sauro su fito fili. In ya ɗebo ya gan su suna wutsil-wutsil, to magana ta ƙare. Mazubin da ake iya ɗagawa a kifar da shi nan take. Randar da aka binne gindinta a ƙasa, wadda ba ta ɗaguwa, sai kananzir, cikin murfin kwalba ɗaya. Ba ya karɓar alkawarin "zan kwashe anjima." Babu mai son wannan doka, amma ana buɗe masa ƙofa, saboda kowa ya shaida ba ya tsallake gidan kowa. Ya kifar da ruwan gidan Mai'unguwa. Ya kifar da na mahaifiyarmu, surukarsa, yana durƙushe yana gaishe ta. Wannan shaida ita ce jarinsa a unguwar, ba shi da wata.

Mutumin Zariya ne, ɗan mai lambu. A fadama ya tashi, yana dashen albasa da latas kafin a sa shi makaranta. Ina jin daga nan ya samo hannun shuka, domin ko tsinken zogale ya soka a ƙasa sai ya kama.

Shekarar Udoji, da ma'aikata suka sami ƙari, abokan aikinsa babura da rediyo suka saya. Shi kuwa gwanjo ya je, gidan wani malamin makaranta Ba'indiye da zai koma ƙasarsu, ya dawo da akwatin gilashi na kiwon kifi a bayan a-kori-kura. Tsawonsa ƙafa uku, da ƙarfe a kowace kusurwa, da ɗan injin da ke hura iska, da ciyayi na roba guda shida, da ƙananan kifaye ashirin da huɗu masu wutsiya kala-kala, ba wanda ya wuce gaɓar yatsa. Ni sana'ata yankan gilashi, don haka ni na liƙe masa inda yake yoyo, ni kuma na ƙirga kifayen.

Bai daɗe ba aka yi wata doguwar ɗaukewar wuta, injin ya tsaya, kifi goma sha biyar suka mutu suka taso sama. Malam Yusha'u ya tsaya yana kallon ciyayin robar, ya ce, "Lawal, kifin kududdufi wa ke hura masa iska?" Ya cire su duka shida ya ba yara.

Ya ƙudura dasa tsirrai masu rai a madadinsu, amma bai iya a karon farko ba. Ya zuba ƙasar lambu, ruwan ya koma kamar kunu. Ya sa zallan yashi, tsirran suka yi fari suka narke. Ya kai akwatin bakin tagar yamma, gansakuka ta rufe gilashin har ba a ganin komai. Wani masunci ya ba shi 'ya'yan karfasa biyu, suka tone duk abin da ya dasa. Yaya Hassana ma ta taɓa taimakonsa yana wurin aiki, ta kwashe komai ta wanke da sabulu tas, yadda take wanke kwanukanta.

A ƙarshe ga abin da ya tsaya a kai, ga mai son gwadawa. Lakar fadama a mulmula ta kamar ƙwallon goruba ƙanana, a shanya ta bushe, a binne ƙarƙashin yashin kogi da aka wanke, kaurin yatsa uku. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe kafin a zuba, warin maganin ya fita. Akwatin a bakin tagar gabas, ya sha hantsi kawai. Ba a sauya ruwa gaba ɗaya, sai a rage kaɗan a ƙara sabo. Yashin kuwa ba a taɓa shi, domin kashin kifi shi ne takin.

Ranakun Lahadi yakan hau keke ya bi bakin kogi da kududdufai da bokiti. Iri bakwai ya tara. Kainuwa da bado kaɗai ya san sunansu, sauran shi ya raɗa musu: akwai albasar ruwa mai dogon ganye, akwai wutsiyar kyanwa, akwai gashin tsohuwa. Suka yi ta yaɗuwa, shi kuma ba ya iya zubar da abin da ya tsiro. Ya cika daro, ya cika tsohon baho, ya yanka duro gida biyu. Na ƙirga mazubai goma sha ɗaya a bayan ɗakinsu, ban da akwatin. Na ce, "Yaya, duba-gari da ruwa kwance har goma sha ɗaya?" Ya miƙo mini moɗar ya ce in ɗeba. Na ɗebi duka, ban ga ko ɗaya ba. Kowane mazubi da kifayensa, su ke cinye 'ya'yan sauron tun ba su girma ba. Na sha ba shi shawara mu kai tsirran gidajen Turawa da manyan ma'aikata mu sayar, na ma lissafa masa gidaje goma sha huɗu masu akwati. Sai ya ce to, ya ci gaba da tsinke ruɓaɓɓen ganye.

Abin da ya fi so duka shi ne jan bado. A wani kududdufi kusa da Katabu ya same shi, guda ɗaya tak a tsakiyar korayen. Ya shiga ruwa har ƙirji ya tono tushen, ɗan dunƙule kamar ƙaramar gwaza. Ya dasa shi a tsakiyar akwatin. Duk ganyen da ya miƙe zai kai saman ruwa sai ya tsinke shi, don haka badon ya zauna a ƙasa, ya buɗe jajayen ganyaye masu ɗige-ɗige. Sun taɓa kai goma sha bakwai. In hantsi ya bugi gilashin, har bangon ɗakin yakan yi ja-ja. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidan ba sai an nuna masa.

A daminar 1978 badon ya zubar da ganyensa kaf, ya yi shiru. Malam Yusha'u ya matsa tushen ya ji da ƙarfinsa, ya ce barci yake yi. Akwai wata tsohuwar randa da aka binne a gindin katanga tun kafin su shigo gidan. Ya zuba mata laka da kashin tumaki, ya dasa tushen a ciki, ya cika ta da ruwa. Takin ya yi wa kifi ƙarfi, don haka bai sa ko ɗaya ba, sai ya ɗaure bakin da guntun gidan sauro. Mazubi na goma sha biyu ke nan. Ba a jima ba jajayen ganye uku suka leƙo.

A wannan daminar ce ya shiga gidan Inna Kaltume mai koko. Bakanuwa ce, ta haife shi a shekaru, kuma tun da ta san Bazazzagi ne ba su haɗu ba tare da ta tsokane shi ba. Ya sami 'ya'yan sauro a babbar randarta, wadda ta zo da ita daga Kano tun tana amarya. Ta roƙe shi ya bari ta ɗebi na damun gobe, ya ƙi, ya zuba kananzir. Randar ƙasa kuwa in ta sha kananzir ta sha ke nan. Ta wanke da toka, ta wanke da tsamiya, warin bai fita ba.

Ɗan garuwan da ke kai mata ruwa shi ke kai wa gidan Malam Yusha'u in famfo ya ƙafe. Shi ya ba ta labarin abin da ke bayan ɗaki.

Ranar wata Asabar da hantsi ina gidan, na zo sauya musu gilashin taga, sai muka ji sallama. Inna Kaltume ce, da mata biyar a bayanta, kowacce na san an taɓa kifar mata da ruwa.

"Maraba da Inna," in ji Yaya Hassana. "Ku shigo, bari in shimfiɗa tabarma."

"Bar tabarmarki, 'yar nan, aiki muka zo. Ina Bazazzagin? Yau mu ne duba-gari."

Malam Yusha'u ya fito yana dariya, ya russuna ya gaishe ta. "Inna, Kanawa kuma yaushe suka fara tsafta?"

"Ranar da Zage-zagi suka fara noman sauro a bayan ɗaki. Miƙo moɗar nan."

Ya shiga ya ɗauko, ya miƙa mata da hannu biyu, har da tocilar. Bai ji tsoron komai ba. Ta fara da daro. Ta ɗebo, ta ɗaga wa hasken rana, matan suka kewaye ta. Ba komai sai ɗan kifi guda da ya shiga moɗar.

"Wannan ko miya ba zai yi ba," in ji ɗaya daga cikinsu.

Malam Yusha'u ya ce, "Ba na miya ba ne, Hajiya, ma'aikaci ne. Shi ke cinye su."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ina ƙirgawa a raina. Baho, rabin duro, ɗayan rabin, har goma sha ɗaya. Matan suka fara sakin fuska, wata ma tana tambayar ko kifin yana rayuwa a ruwan rijiya. Inna Kaltume ta juya za ta miƙa moɗar, sai idonta ya kai gindin katanga.

"Waccan mai lulluɓi fa? Amarya ce?"

Ta janye yadin. Ashe akwai wata 'yar ɓula a gefe, inda igiyar ta ci shi. Ta zura moɗar a tsakanin jajayen ganyen nan uku, ta ɗago. Ba sai an kai wa rana ba. Na ƙirga tara, na daina.

Malam Yusha'u ya karɓi moɗar ya duba da kansa, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, a kwashe ruwan mana," in ji Yaya Hassana a hankali. "Yanzu-yanzu sai in kawo bokiti."

Ni ma na matso na ce, "Yaya, bari in zura hannu in ciro tushen tukuna. Abin da ke randar ai ruwa ne laifinsa, ba badon ba."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Inna, da kika ce in bari ki ɗebi na damun gobe, na bari?"

"Ba ka bari ba."

"To."

Ya shiga ɗaki ya fito da jakarsa. Inna Kaltume ta riƙe haɓa tana kallonsa. "Kai ɗan nan, duk wannan a kan bado? Abin da yara ke tonowa a kududdufi su gasa?" Ya buɗe kwalbar, ya cika murfin daidai yadda yake cika wa kowa, ya zuba. Man ya bazu a saman ruwan, ya lulluɓe ganyen.

"La'ilaha illallahu," in ji Inna Kaltume. "Ni fa so na yi in ji ka roƙe ni, ko sau ɗaya. Ku Zage-zagi ba ku san wasa ba."

"Da na roƙa, Inna, ranar Litinin gidan wa zan shiga?"

Ta ajiye masa tocilarsa a bakin randar, ta tattara matan suka fita. Yaya Hassana ta raka su har zaure. Ni na koma kan tagata.

Ganyen suka yi baƙi, tushen ya ruɓe a cikin laka. Da ruwan sama ya ɗauke muka je Katabu tare, ni da shi, muka tarar an cike kududdufin da jar ƙasa, an kafa harsashin gini a kai. Mun duba wasu kududdufai huɗu a hanyar Zariya, duk korayen bado ne. Bai ƙara samun ja ba.

Labarin kuwa ya riga shi zagaya unguwar. Ranar Litinin ɗin ya fita aiki kamar kullum, ba gidan da aka ce masa masu gida ba su nan. Da ya iso ƙofar Inna Kaltume, ta fito da wani gwangwanin madara babu komai a ciki.

"Na sayi sabuwar randa, ba da taimakon kowa ba," ta ce. "Ka kawo mini ma'aikatan nan naka guda biyu. Masu ƙwazo, ba irin mutanen garinku ba."

Ya kai mata huɗu, da reshen wutsiyar kyanwa don su sami wurin ɓuya. Kafin ƙarshen shekarar na ƙirga gidaje goma sha tara a Unguwar Shanu da ke da kifinsa a duro ko a randar wanki. Kyauta ya ba su duka, duk da abin da na ce. Kwalbar kananzir ɗin tana nan a jakarsa, kuma yana amfani da ita in ta kama.

Akwatin yana bakin tagar gabas har yanzu, cike da iri shida. Albasar ruwa takan miƙo 'ya'yanta zuwa tsakiya, inda badon yake a da, shi kuma duk ranar Lahadi sai ya tsuge su ya bar wurin fili.