"Almost" a Bakin Yayana

Ai a bakin yayana na fara jin kalmar nan, ba a littafi ba! Duk ranar da ya taso daga aiki a Abuja aka kira shi, sai ya ce, "I'm almost there." Na duba a waya, na ga tana nufin saura ƙiris. Har ƙawayena na koya wa.

Ranar da jikin Umma ya rikice, na kira shi. Ya ce, "Almost, ƙanwata, ce mata ta jira ni." Ashe ya maƙale a cunkoson motoci wajen Gauraka, ko nisa bai yi da Abuja ba. Na faɗa wa Umma saƙonsa. Ta gyaɗa kai, idonta a ƙofa.

Ya iso ta riga ta cika, ana shirin yi mata wanka. Ban yi kuka ba. Na karɓi jakarsa na ajiye.

Ku fa, wa kuka taɓa jira haka? Ku ba ni labari.