Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Na fi shekara talatin ina hawa keke. Ko da na yi ritaya daga koyarwa ban daina ba, don likita ya ce ina da ciwon sukari, dole in riƙa motsa jiki. Da an idar da sallar asuba sai in naɗe ƙafar wando, in fita Daura in bi hanyar Zango. Akwai wata tsamiya a bakin titi, gefen gonar wani dattijo, nan nake juyowa. Ya girme ni da kamar shekara goma. Da damina in same shi a duƙe cikin gero, da rani kuma yana zaune yana tufka igiya. Mukan gaisa, ya ba ni ruwa, ya yi mini ba'a cewa bai taɓa ganin mai wahalar da kansa haka ba tare da an aike shi ba.

Wata safiya da kaka, wani mai babur ya ɗauko buhunan gyaɗa a baya, ɗaya ya bugi kan kekena. Na faɗi kan kwalta, ƙashin kafaɗata ya karye. Wata biyu ina jinya.

Da na warke, babbar 'yata, wadda ke aikin asibiti a Katsina, ta zo da wani keke a bayan mota. Ba shi da tayar baya, an kafa shi ne kan ƙafafun ƙarfe, kuma yana da ɗan agogo mai nuna nisan da aka yi.

Ta ce, "Baba, daga yau wannan za ka riƙa hawa. Don Allah ka bar titi."

Mahaifiyarta ta goyi bayanta, ta sa aka kulle tsohon kekena a ɗakin ajiya.

Ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, abin ya yi amfani. Ko ana ruwan sama ina hawa. Babu babur, babu motar kaya mai ture mutum cikin rairayi, babu faci. Sukarina ya sauka har likita ya yaba. Amma minti arba'in ɗin da nake yi a kansa kullum sukan yi mini tsawo ƙwarai. Ina fuskantar bango, gumi na zuba a siminti, agogon ya ce na yi kilomita goma, alhali ina jin matata tana wanke-wanke a bayana. Ba wanda na gaisar, ban san ko gero ya fitar da kai ba.

Haka na yi wata bakwai. Ran nan a kasuwa na haɗu da wani mutumin ƙauyen dattijon, na tambaye shi lafiyar dattijon. Ya dube ni ya ce ai ya rasu, har an yi sadakar arba'in. Ya ce ya daɗe a kwance, kuma sau da yawa yakan tambaya ko an ga malamin nan mai keke. Ba wanda ya san gidana, ni ma ban taɓa sanin nasa ba. Iyakarmu gindin tsamiya.

Washegari na karɓi makulli na fito da tsohon keke, na ba shi iska, na ce zan je ta'aziyya. Matata ba ta hana ni ba. Ban kai ƙarshen gari ba wani babur ya wuce ta kusa da ni, sai tsoro ya kama ni, na ja birki. Na sauka na tsaya a gefe har numfashina ya dawo, sannan na tura keken zuwa gida.

A motar haya na je ta'aziyyar. Ɗansa ya karɓe ni da mutunci, amma sai da na yi ta bayani kafin ya gane ko ni wane ne. Har yau ban gaya wa 'yata abin da ya faru a hanya ba. Idan ta bugo waya ta tambaya ko ina hawa keken da ta kawo, nakan ce mata ina hawa.