Ƙafar Babana Da Wutar Da Ba Ta Ƙuna

Allah Shi ya ba mu ke, kuma gare Shi kika koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, muna zaune kan benci a ƙofar ɗakinki na asibiti, nas ta fito ta ce kin rasu a haɗarin mota. Babana ya daɗe yana kallon bandejin ƙafarsa.

Dakta, ni ce yarinyar da ke rako babanta, tela mai ciwon suga. Gyambonsa ya ƙi warkewa, likitan tiyata ya ce sai an yanke ƙafar, wadda da ita yake taka keken ɗinki. Ke kika roƙi a jinkirta, a gwada na'urar da kika zo da ita daga jami'a.

Ranar farko da bakin na'urar ya fitar da siririn haske shuɗi, Baba ya janye ƙafa ya ce, "Dakta, gasa ni za ki yi?" Kika yi dariya kika ce, "Malam, ko man shanu ba za ta narkar ba." Ina laɓe a bayan ƙofa, kika kira ni, kika ɗora yatsana a kan hasken. Sanyi na ji. Kika ce sunansa plasma, iska ce da lantarki ya zuga, dangin abin da ke ci a cikin rana, amma wannan ƙwayoyin cuta yake kashewa. Ina da tambayoyi, kunya ta hana ni.

Bayan rasuwarki aka kulle ɗakin. Ɗalibinki da ke taya ki aiki ya ce ba shi da izinin taɓa na'urar. Kowace safiya ina wanke gyambon, ina sunsuna auduga a ɓoye ko warin ya dawo.

Jiya likitan tiyata ya kwance bandejin. Ya danna gefen ciwon, ya duba shi da kyau. Sai ya ce sabon nama ya fara tsirowa, ba zai yanke yanzu ba, kuma zai sa hannu ɗalibinki ya ci gaba. Bai yi mana alkawarin komai ba. Amma na so a ce kin gani.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyar gidanmu ga maigidanki da 'ya'yanki. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta.