Malamin da Bai Taɓa Ganin Lesa Ba

Wata rana ina ɗakin gwaje-gwajen kimiyya inda nake aiki a jami'a, sai na ga wani dattijo tsaye a bakin ƙofa, riƙe da hularsa.

'Yarsa ya rako rajista, ya ɓata hanya. Jan hasken da ya gani a bango ne ya tsayar da shi.

Na ce ya shigo.

Na'urar lesa ce a kunne, mai fitar da siririn haske kamar zare. Na sa ɗan gilashi mai ƙananan layuka a gabanta, hasken ya rabu ɗigo-ɗigo a bango.

Nan take ya ɗauki rula. Ya auna tazarar ɗigon, ya auna nisan bangon, ya yi lissafi a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Tsawon zangon hasken yake nema. Ya samu nanomita 640. Littafi ya ce 633, saura kaɗan ya samu daidai.



Sai na miƙa masa wani gilashi mai tace haske. Ya sa a gaban lesar yana juyawa a hankali. Hasken ya dusashe, ya ɓace, ya sake dawowa. Sau biyar yana maimaitawa.

Na ce, "Baba, ashe ka saba da aikin nan."

Ya ce, "Ɗana, shekara ashirin da shida ina zana shi da alli a allo. Yau na fara ganinsa da idona."

Malamin kimiyya ne a wata sakandaren ƙauye. Bara ya yi ritaya.

Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce akwai wata ɗalibarsa, Laraba, da ta taɓa tambayarsa ko da gaske haske yana ɓacewa don an juya gilashi kawai. Ya ce mata haka aka rubuta. Ba ta sake tambaya ba.

"Da ma tana nan yau. Ko inda take ban sani ba."

'Yarsa ta kira waya, ya yi godiya ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba, kuma har yau abin yana damuna.

Darasi: Wasu malamanmu sun kai mu inda su kansu ba su taɓa takawa ba. In naka yana raye, je ka nuna masa abin da ka gani.

Ku tura wannan gaba, jama'a. Wataƙila ya isa wayar Laraba.