Ranar da Aka Cire Koren Maɓalli

Ranar wata Asabar ce cikin damina, lokacin hutu, shekarar da muke aji biyar na firamare. An kawo wuta da hantsi, muka watsar da wanke-wanke da ɗebo ruwa muka cika shagon Yaya Sadik, ɗan wan babana, da ke zauren gidanmu a Gwallaga. Yana karatun kwamfuta, kuma ya ƙirƙiro wani wasa a wata tsohuwar na'ura mai ƙugi: akuya ce take tsallaka titi tana kauce wa 'yan acaɓa. Mu ne 'yan gwajinsa. Sai ya zaunar da yaro, ya koma baya ya harɗe hannu, yana dai kallon inda hannunka yake zuwa. Inda muka yi ta ɓata, washegari ya gyara.

Gwaninmu Bulus ne, ɗan masu haya a gidanmu, mutanen kudancin jiha. Da shi muke langa, da shi muke ƙera mota da gwangwanin madara, kuma babu mai kai shi tsallakar da akuyar nan. Sai dai Bulus bai iya karatu ba, a cikin yara ni kaɗai na sani. Haruffa rikice masa suke yi, a aji haddace abin da na gaba ya faɗa yake yi ya maimaita. Babansa, mai gadi a wani gida a GRA, ya sha rantsuwa cewa duk ɗan da ya zama daƙiƙi gonar ƙanensa a Miri zai tura shi. A wasan kuwa Bulus ba ya buƙatar harafi, don fuskar farko maɓalli biyu ne: kore mai kibiya na farawa, ja mai hoton ƙofa na fita.

Yaya Sadik mai ido ne, ya daɗe da ganowa. Kuma akwai abin da ke cin sa, don Bulus ya taɓa cinye shi a wasan da ya ƙirƙira da kansa, a gaban abokansa. Ranar nan ya kira yaran layi kaf, ya ce gasa za a yi, gwani ne zai buɗe. Da fuskar ta bayyana sai muka ga babu kore, babu ja, babu hoto. Farare ne guda huɗu iri ɗaya, kowanne da rubutu, kuma duk wanda aka danna sai su sauya wuri. Bulus ya riƙe maus, linzamin kwamfutar.

"Yaya, ina koren?"

"Karanta mana. Ba aji biyar kake ba?"

Bulus ya danna, wasan ya rufe. Aka sake buɗewa, ya sake rufe shi. Na buɗe baki zan raɗa masa, Yaya ya make min ƙeya. A karo na gaba hoton jaki ya cika allon, da kukan jakin da Yaya ya naɗa musamman. Yara suka yi ta birgima a ƙasa. Kafin azahar waƙar jaki da suka yi wa Bulus ta zagaye layin, kafin la'asar ta isa kunnen babansa. Ya miƙa masa littafin coci a tsakar gida ya ce ya karanta layi ɗaya. Muna jin dukan daga ɗakinmu. Hutu bai ƙare ba aka ɗora shi a babur da kayansa a buhu, bai sake shiga aji ba. Na yi kuka sosai, kuma har yau ban huce ba.

Yanzu 'yata da ko magana ba ta gama iyawa ba tana buɗe wasa a wayata ta buga, ba mai tambayar ta ajinta. In na gan ta sai in yi kewar abokina. Bara a wajen wani suna na tuna wa Yaya Sadik, wanda yanzu koyar da wannan aikin na kwamfuta yake yi, abin da ya faru ranar nan. Ya yi dariya ya ce ai gwaji ne, kuma ya ƙaru da shi sosai. Sannan ya tambaye ni sunan yaron.

Wanda ya fi sanin yadda ake sauƙaƙa wa mutum hanya, shi ya fi sanin inda zai toshe masa ita.